Tef ɗin Yaya

Wata uku mai shago ya ba ni na gwaji a ɗinkin labule. In na yi, in zauna, in ban yi ba, ƙofa a buɗe take. Yaya, 'yar wan babana, shekararta tara a shagon. Ita ta kawo ni, ita ta koya mini tsayuwa gaban masu kawo aiki.

"Ki daina cewa 'ina ganin kamar'," in ji ta. "Ki auna sau ɗaya, ki rubuta, ki rufe littafi. Mai awo sau biyu tsoronsa yake tallatawa."

Na haddace tsaf. Kafin wata biyu mutane suka fara shigowa suna tambayar ƙaramar nan mai fara'a. Yaya takan yi dariya ta ce ɗan zaki ya girma. Ni kuwa, sakarya, na ɗauka daɗi take ji.

Ranar da za a auna tagogin wani sabon asibitin haihuwa, ta ce ƙafarta na ciwo, ta miƙo mini tef ɗinta. Na auna taga goma sha huɗu, sau ɗai-ɗai, kaina a sama. Shugabar asibitin har cewa ta yi kamar a cikin sana'ar aka haife ni.

Ana gobe za su buɗe muka je ratayawa. Kowane labule sharar ƙasa yake yi, kuma a asibiti ba a yarda labule ya taɓa ƙasa ba. Mai shago ya karɓi tef ɗin, ya duba bakinsa. Ashe ya taɓa guntulewa, aka sake sa masa ƙarfe, daga inci uku yake farawa.

"Kowa ya san ana rage uku a wannan," ya ce da Yaya. "Ba ki gaya mata ba?"

"Na gaya mata, ranka ya daɗe. Yaran yanzu ne, sun san komai. Ko maimaita awon ba ta yi ba."

Na dube ta, ita kuwa ko ƙifta ido ba ta yi ba. Korar da aka yi mini a wurin ba ta ƙona mini rai kamar wannan ba.

Da la'asar ta zo gida yi mana jaje, da ƙafarta lafiya lau. Ina daga ɗaki ina jin Mama tana ce mata, "Ke dai kin yi iya yinki, Allah ya bar zumunci."