Jinin Mai Lafiya

Wata uku Farfesa ta ba Auta na gwaji. In aikinta ya yi kyau, gurbin digirin digirgir a sashen garkuwar jiki nata ne. In bai yi ba, akwai mutum goma sha ɗaya a layi. Ga shi saura kwana huɗu, aiki kuwa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Abin ba wani mai wuya ba ne. Kullum da safe za ta shiga ɗakin ɓerayen bincike ta ɗebo gashinsu, ta haɗa ruwan gwaji. Sai ta ɗiga shi a jinin masu borin jini, waɗanda gashin dabba ke tayar wa atishawa da asma, na'ura ta nuna jinin ya harzuƙa. In ta ɗiga a jinin mai lafiya, ya kamata ya yi shiru. To, a hannun Auta duka biyun harzuƙa suke yi, wata rana ma na mai lafiyar ya fi zaƙewa.

Ta canza kwalabe, ta canza safar hannu. Ta zargi na'ura, ta zargi firij, har ta fara hararar mai shara, baiwar Allah da ko teburin ba ta taɓawa. Kanta ya ɗaure tamau, kuma tsoro ya kama ta ba kaɗan ba.

Ranar Litinin Farfesa ta zauna da takardun sakamakon gwajin, tabarau a kan hanci.

"Hannunki ba laifi. Jinin mai lafiyar na waye?"

"Nawa ne, ranki ya daɗe. Na ga kowa nasa yake ɗiba."

"Ke lafiyarki ƙalau?"

"Ƙalau. Sai 'yar mura."

"Tun yaushe?"

Auta ta tsaya tunani. "Tun da na fara zuwa nan, ina jin. Amma Asabar da Lahadi takan sake ni."

"Mura mai hutun ƙarshen mako? Miƙo hannunki."

Farfesa ta ɗiga ruwan a hannun Auta, ta ɗan karce fatar da tsinin allura. Kafin minti goma sha biyar wurin ya tashi ruɗu-ruɗu, sai ƙaiƙayi.

"Gwajinki bai taɓa kuskure ba," in ji Farfesa. "Ke ce ba mai lafiya ba."

Auta ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. "Ke nan na samu, ko na rasa?"

"Gurbin naki ne, in kina so. Amma shekara huɗu ne cikin ɓerayen nan, kuma abin yakan bar hanci ya sauka ƙirji."

Ta turo mata fom da biro. Auta ta ɗauki biron, ta ajiye, ta sosa hannu, ta sake ɗauka.

"Ranki ya daɗe, in ke ce, ya za ki yi?"

Farfesa ta buɗe jaka, ta ciro abin shaƙar masu asma, ta ajiye a gefen fom ɗin.

"Ni ba wanda ya faɗa mini tun da wuri."