Tsumma a Wuyan Jita

A tsakar gidan Doña Eulalia, a garinmu Regla na bakin teku, doka ɗaya ce tal: kiɗa na ƙafa ne. Kowace Lahadi bayan abincin rana tsofaffin unguwa kan sa fararen takalmansu su zo rawar jaz a ƙarƙashin mangwaronta. Duk makaɗin da ya yi abin da ya sa masu rawa suka tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama, sai ta fito daga kicin da tsumman sauke tukunya ta rataya a wuyan abin kiɗansa. Ba zagi, ba ɗaga murya. Wanda tsumman nan ya hau abin kiɗansa, ya gama kiɗa a gidan har abada. Na ga ya hau ƙahon wani mutum da ya taɓa yi wa jakadu busa. Yanzu gyaɗa yake sayarwa a mashigar jirgin fito.

Ni ba makaɗi ba ne. Sana'ata ɗura gas a laitocin da suka ƙare, ina da teburi a bakin titi. Amma ranar Lahadi aikina riƙe waya. Akwatin da ke ƙara wa jitar Evaristo murya tsohuwar rediyon Rasha ce da aka farke cikinta, kuma wayarta ba ta zama sai an danne ta da babban yatsa. Yatsan nawa ne. Saboda haka ba wanda ya san hannun Evaristo kamar ni, har da marigayiya matarsa.

Evaristo dogo ne siriri, kamar an manta da shi a rana. Tun gashinsa na baƙi yake kiɗa a gidan nan. Da matarsa ta rasu, 'yarsa kuma ta haye teku, sai ya zama ba shi da komai sai Lahadi. Sauran kwanakin mako jira kawai yake yi. Idan aka raba shi da kujerar nan ta ƙarƙashin mangwaro, ban san me zai tashe shi daga gado ba.

Wata safiya ya zo teburina idanunsa waje kamar wanda ya ga fatalwa.

"Cleto, ka ji abin da na ji?"

"Me ka ji, tsoho?"

"Jirgin fito ya yi kuka. Firjin maƙwabciyata yana gurnani. Mai wasa wuƙa ya busa usur. Duka a lokaci guda, Cleto! Sautuka uku, kuma babu uba a cikinsu!"

Wani zai ce ya zare. Ni kuwa ina da ƙadangare mai wutsiya biyu a cikin kwalba, na kuma taɓa bin wani gajimare mai kama da kakata har garin Guanabacoa a ƙafa. Sai na tura masa kujera.

Ya ɗora jitar a cinya, ya nuna mini wuyanta, wanda yake gaɓa-gaɓa kamar rake. Ya ce idan ka haɗa sautuka uku yadda aka saba, akwai uba a ciki, sauran biyun 'ya'yansa ne, kunne na ji ya san gidan wanda ya shiga. Waɗannan kuwa tazarar da ke tsakaninsu ɗaya ce, gaɓa huɗu-huɗu.

"Kamar duwatsun murhu," in ji shi. "Faɗa mini, wanne ne uba a duwatsun murhu?"

Ya kaɗa su. Na ji kamar an ɗaga ni daga kujera an manta ba a sauke ni ba. Ya matsa hannunsa gaɓa huɗu sama ya sake kaɗawa: su ne dai, wurin zama kawai suka sauya. Ya sake matsawa: su ne dai. Ya ce makaɗa na kiransu aumentado, kuma da su manyan masu jita ke fita waje. Wato sauran makaɗa na riƙe da waƙa a cikin gidanta, kai kuma ka fice, ka yi yawonka a inda kunne bai zata ba, sannan ka dawo ka zauna kamar ba ka je ko'ina ba.

"To komawar fa?" na tambaye shi.

"Yatsa ɗaya za ka ja baya, gaɓa ɗaya. Nan take uba ya bayyana. Yatsu uku, ƙofa uku." Ya sosa ƙeya. "Sai dai ɗaya ce ƙofar gidanka. Sauran biyun na maƙwabta ne."

Lahadin da ta biyo baya ya gwada, kaɗan dai, kamar mai taɓa ruwan wanka da yatsan ƙafa. Masu rawa suka yi tangaɗi. Wata ta take ƙafar mijinta, ya ambaci uwarta. Ba su tsaya ba, amma saura ƙiris. Doña Eulalia ta leƙo daga kicin, bakin tsumman na lilo a hannunta.

"Evaristo, kiɗa ne wannan ko kyanwa ce ta faɗa rijiya?"

"Sabon abu ne, Doña. Can arewa..."

"To ka tafi arewa ka kaɗa wa ƙanƙara. Ka sake yi mini shi a gida, ka san sauran."

Ya rantse da kabarin uwarsa ba zai sake ba. Ni da nake kusa da hannunsa na ga yatsun suna motsi su kaɗai a kan gwiwarsa, huɗu-huɗu, lokacin da bakin ke rantsuwa.

Makaɗan gidan uku ne. Bayan Evaristo akwai Cipriano mai bajo, ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana fizgar tsirkiyoyinsa da yatsa. A kan tafiyar bajonsa masu rawa ke ɗora ƙafa. Sai Nicanor, mai shafa 'yan tsintsiyoyin waya a kan wata tsohuwar jakar tafiya, wanda ba shi da ra'ayin kansa, duk inda Cipriano ya nufa nan ya nufa. Cipriano kuwa mutum ne mai tumbi da taushin zuciya, tare suka yi wasan ƙasa da Evaristo. Ran Alhamis ya kawo mini laitarsa, ya sunkuyo kamar mai sayar da naman sata.

"Cleto, mutumin nan zai sake. Na san shi tun yana fitsarin kwance."

"Ya rantse fa."

"Ya rantse zai bar taba ma. Ka saurara. Abin da ya sa ya yi muni rannan shi ne shi kaɗai ne a can waje, kamar akuyar da ta ɓace. Wannan karon in ya fita, zan bi shi. Shegun nan uku da yake kaɗawa, na koye su. In mu biyu muka yi, sai a ce da gangan ne."

Na ce masa lallai abokin kirki ne shi. A lokacin abin ya yi mini kama da hikima.

Lahadi ta zo da zafinta. Tukunyar miya na tafasa, ƙamshin rogo da tafarnuwa ya cika gida, kwalbar giyar rake na zagayawa a ɓoye duk da kowa ya san inda take. Aka yi waƙoƙi masu sauri lafiya ƙalau, Evaristo yana zaune a cikin gida kamar limamin coci. Daga nan aka shiga waƙar Doña Eulalia, wata mai tafiyar hawainiya da marigayi mijinta ya tsara mata tun tana mawaƙiya a otal-otal. A duk waƙoƙin duniya, wannan ce bai kamata a yi wasa da ita ba.

Aka zo inda jita ke magana ita kaɗai. Evaristo ya fara da kyau, har wata tsohuwa ta lumshe ido. Sai jirgin fito ya yi kuka daga bakin ruwa. A daidai lokacin firjin kicin ya tashi da gurnani. Na ji jikin Evaristo ya sandare. Ba a ma jira mai wasa wuƙa ba, shi da kansa ya cike na ukun.

Ya fita.

Na rantse, da farko abin ya yi daɗi. Bajo na tafiya a ƙasa, jita na shawagi a sama kamar shirwa, masu rawa suka ɗan karkace amma ƙafafunsu na da wurin sauka. Da an bar shi haka, da ya yi kewayensa ya dawo. Sai Cipriano ya tuna abota. Ya saki waƙar ya bi shi. Nicanor ya ga maigidansa ya yi hagu, ya yi hagu shi ma, da ya rasa inda ake sai ya ɗaga tsintsiyoyinsa sama kamar wanda 'yan sanda suka tare.

A nan na gane abin da ba wanda ya faɗa mini: ba a fita waje sai da wani a cikin gida. Evaristo ya juyo zai koma, ya tarar babu gidan. Ya kasa kunne ya ji inda bajo yake don ya san ƙofar da zai bi, sai ya ji bajon na kaɗa masa shegunsa uku. Ya matsa gaɓa huɗu sama yana neman hanya, su ne dai. Cipriano ya bi shi, yana murmushi yana gyaɗa kai, wai ga shi nan bai yashe shi ba. Ya sake matsawa, su ne dai. Wuyan jita kuwa ba titi ba ne, yana da ƙarshe.

"Koma gida, jaki!" in ji Evaristo ta gefen baki.

"Ina tare da kai, ɗan'uwa!" in ji Cipriano.

Masu rawa suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, ƙafa a sama, kamar zalɓe a fadama. Labulen kicin ya motsa. Doña Eulalia ta fito da tsumma.

Abu biyu ya kamata ku sani game da ita. Gwiwoyinta sun daɗe da yin ritaya, saboda haka daga kicin zuwa gindin mangwaro tafiya ce. Na biyu, idan ranta ya ɓaci ba ta magana, waƙa take yi ta hanci, ba ta ma san tana yi ba. To ga ta nan tafe, tana jan ƙafa, tsumma na lilo, tana rera waƙar mijinta daidai inda ya kamata a ce an kai, don ita ba ta taɓa ɓacewa a cikinta ba. A duk gidan nan ita kaɗai ta rage a cikin gidan waƙar, kuma ita ce ke zuwa korarsa.

Na ga kunnen Evaristo ya motsa. Gumi na ɗiga daga haɓarsa a kan yatsana. Ta matso, muryar ta ƙara fitowa. Ta zo wurin da waƙar ke hawa ta tsaya a kan wani dogon sauti, wurin da mijinta kan cire hula in yana raye. Ta ɗaga tsumman. Evaristo ya ja ɗan yatsansa baya, gaɓa ɗaya.

Uba ya bayyana. Kuma ba na maƙwabta ba ne. Sautin jitar ya sauka a ƙarƙashin muryarta kamar an tura wa mai shirin zama kujera. Ƙafafun da ke sama duk suka sauka tare, ƙasa ta amsa. Cipriano ya farka ya kama hanya, Nicanor ya sauke tsintsiya. Wani tsoho ya yi ihu ya jefa hularsa cikin mangwaro. Doña Eulalia kuwa ta tsinci kanta tana rera waƙar da baki buɗe, abin da ba ta yi ba tun ranar jana'izar mijinta, tsumma a sama kamar tuta.

Da aka ƙare ta tsaya tana haki.

"Wa ya ba ka izinin shiga bakina?"

"Ƙofar a buɗe take, Doña."

"Rufe mini baki. Doka doka ce. Masu rawa sun tsaya."

"Ba duka ba, Eulalia," in ji Fidencia, wata tsohuwa mai jan baki, tana nuni da hannu. Can gefe mijinta Gildo, wanda aikin tukunyar injin jirgin ruwa ya kurmantar tun da daɗewa, yana ta juyi ido rufe, shi kaɗai. Bai san an fita ba, bai san an dawo ba, bai ma san an gama ba.

Doña Eulalia ta dube shi, ta dubi Evaristo, wanda ya rungume jitarsa kamar za a ƙwace masa jariri. Sai ta juya a hankali ta fuskanci Cipriano.

"Wannan mahaukaci ne, duk Regla ta sani. Kai fa? Kai ne mai gadi. Ina aka taɓa ganin mai gadi ya bi mahaukaci yawo ya bar gida ba kowa?"

Ta rataya tsumman a wuyan bajo.  Cipriano ya fara hawaye.

"Taimako na je yi, Doña..."

"Eulalia," in ji Fidencia, "bajo nawa ne a garin nan?"

Ɗaya ne, kowa ya sani. Doña Eulalia ta yi tsaki, ta zare tsumman, ta make Cipriano da shi a tsakiyar sanƙo, sannan ta ba shi ya share hawaye. Ta ce daga yau Cipriano ba ya fita ko da gidan na cin wuta. Evaristo kuma ta yarda ya fita, amma da sharaɗi: yana fita za ta taso daga kicin, in ta iso kujerarsa bai dawo ba, tsumma ya hau.

Haka ake yi har yanzu. Gwiwoyinta kullum ƙara lalacewa suke, kuma Evaristo, wanda a da yakan kawo mata man zafi, ya daina. Kowace Lahadi kuma yakan ja kujerarsa baya kaɗan, wai rana ce ke dukansa. Mun wuce mangwaro, mun wuce kejin kaji, yanzu muna dab da ƙofar titi, ni da yatsana. Ta lura, ba makauniya ba ce. Amma na sha ganinta ta tsaya a tsakiyar hanya tana gyara takalmin da ba abin da ya same shi, tana waƙa ta hanci.