Ƙwan Zabin Hajjo

Ƙwan zabin da ke cikin injin ƙyanƙyasar Hajjo ya lalace gaba ɗaya, kuma mijinta Datti ne ya lalata shi da hannunsa, saboda ƙwallon kwamfuta.

Datti ba yaro ba ne. Furfura ta fara cin gemunsa, yana da shanun noma da gonar gero a Gude. Taubashinsa Lurwanu ne ya jefa shi cikin wannan. Duk ranar da suka shiga Gwarzo sai sun biya shagon Taufiq mai gem, su zauna a benci su buga ƙwallo, Lurwanu ya lallasa shi. Da a shagon abin yake tsayawa da sauƙi. Har a bakin masallaci Lurwanu yake ɗaga masa yatsu yana murmushi, mutane suna tambayar me ake ƙirgawa.

Sai Datti ya sayar da tunkiya ɗaya, ya sayi tsohuwar laftof mai mataccen batir, wadda ba ta aiki sai a jone. Nufinsa ya koya a gida, a ɓoye. Taufiq ya ce ya bar ta a shago a saka masa wasan. Datti ya ƙi, don kada Lurwanu ya leƙo ya gani. Taufiq ya zuba masa a filash.

"Baba Datti, wannan matsattse ne. An danne shi kamar harawa a buhu. In ka danna, zai warware kansa a hankali. Abu ɗaya: kada wuta ta yanke."

Gidan Datti kuwa wutar sola ce, kuma ta Hajjo ce. Ita ta saye ta don injinta.

Ranar da abin ya faru, Hajjo ta shirya da safe za ta suna Durun, can za ta kwana. Ta tsaya a ƙofar ɗakin injin da mayafi a kafaɗa.

"Malam, ka ga hadari, sola ba ta ci da kyau ba. Kada a jona komai a inbatar solar nan. Sun kusa fitowa, jiya na kara kunne na ji motsinsu. Kuma rabi na Zulaihat ne, matar Lurwanu, amana ta kawo."

"Ni me zan jona? Dutsen guga?"

Ƙarar babur ɗin da ya ɗauke ta ba ta gama ɓacewa ba ya zaro laftof daga ƙarƙashin katifa ya jona.

Ya danna inda aka nuna masa. Wani kiɗa ya tashi, ya rasa inda ake kashe shi, ya haƙura. Wani koren layi ya fara rarrafe. Bai je ko'ina ba sai jan akwati ya faɗo da Turanci cike. Datti ya ɗauki hotonsa ya tura wa Taufiq, ya bi da kira.

"Era ce, Baba, aikin ya tsaya. Ba ka kashe mai gadin ba."

"Wane mai gadi kuma?"

"Anti-bairos. Shi ke cinye fayil ɗin, yana ganin kamar ɓarawo ne."

"To ɓarawon ne?"

Taufiq ya yi dariya. "Baba, wasan kwafi ne. In na gaske ne, da tunkiya ɗaya ba ta isa ba."

"Allah Ya yafe mana," in ji Datti. Ya bi kwatance ya kashe mai gadi, ya sake daga farko.

Wannan karon layin ya tafi. Ya wuce rabi. Amma da rana ta take, fankar cikin laftof ta fara gurnani, gefenta ya yi zafin da ba a iya ɗora hannu. Datti ya san wannan. Duk sa in ya fara irin wannan haki a garma, mai hankali kwance shi yake yi ya kai shi inuwa, in ba haka ba ya faɗi. Ya zare waya, ya ɗauki laftof ya kai ta gindin darbejiya, har ya yi mata fifita da faifai. Ya ci tuwon da Hajjo ta bari, ya yi azahar, ya dawo ya jona.

Layin ya koma farko, fayau.

"Ka zare?" Taufiq ya ce a waya. "Da hannunka?"

"Hutar da ita na yi. Haki take."

"Baba Datti, ba san noma ba ce! Haka take yi. In ta yi kuka ka bar ta, in ta tsaya cak ka bar ta, ko ta yi kamar ta mutu ka bar ta. Akwai ɗan akwati a shafin farko, ka sa masa alama, shi zai hana ta shaƙewa. Sai dai zai ƙara daɗewa."

"Har yaushe?"

"Da irin naka injin? Wataƙila gobe."

Ya sake a karo na uku, ya zauna a tabarma ya zuba wa layin ido kamar mai jiran haihuwar saniya.

Bayan la'asar hadari ya haɗe, gari ya yi duhu. Inbata ta fara tsuwa, jar fitilarta tana ƙiftawa. Batirin sola ya yi ƙasa, ba zai ɗauki biyu ba. Datti ya dubi injin Hajjo, ya dubi laftof. Layin ya kai wurin da bai taɓa kaiwa ba.

Ya yi tunani, kuma a ganinsa tunani mai kyau ne. Kaza ma ai tana tashi daga kan ƙwai, ta je ta yi kiwo, ta yi birgima a toka, ta dawo, babu abin da ya same su. Inji ya fi kaza ne? Ya zare wayar injin. Ya ɗauko zanen Hajjo ya lulluɓe shi, don ya nuna shi ma yana da imani. Tsuwar ta tsaya.

"Ɗan lokaci kaɗan," ya ce wa ƙwan.

Ruwa ya sauko, mai iska da sanyi. Layin ya je dab da ƙarshe ya tsaya cak. Ya yi magariba yana nan. Ya yi isha yana nan. An ce ko ta yi kamar ta mutu ya bar ta, ya bar ta. Ya kishingiɗa a tabarma da niyyar tashi ya mayar da wayar injin.

Kiran asuba ne ya tashe shi. Allon laftof ya cika da koren rubutu, an gama. Ga hoton ƙwallo nan a gefe yana jiran a danna. Sai a lokacin ya ga wayar injin a yashe a ƙasa. Ya jona ta da sauri, ya yaye zanen, ya ninke, ya mayar inda ya ɗauko.

Hajjo ta dawo da hantsi. Ko mayafi ba ta cire ba ta shiga ɗakin. Ta kara kunne a jikin injin, ta daɗe a haka. Ta buɗe ta ɗauki ƙwai ɗaya. Bayansa da ɗumi, amma ta riƙe shi a tafin hannu tana jinjinawa. Ta fasa shi a bakin kwano. Ɗan zabo ne cikakke, da gashinsa da bakinsa, a dunƙule, ba motsi. Ta fasa na biyu. Ta fasa na uku.

"Wataƙila sanyin ruwan nan ne," in ji Datti.

Ba ta dube shi ba. Laftof ta duba, wadda ya manta a kan tabarma, kiɗanta na tashi ƙasa-ƙasa.

"Malam, ni zan gaya wa Zulaihat, ko kai?"

Ita ta ɗauki waya ta kira Zulaihat.

Lurwanu ya iso kafin azahar. Ya yi sallama, ya tambayi gida, ya tambayi shanu, ya tambayi gero da ruwan jiya, ya tambayi gajiyar sunan Hajjo. Bai bar komai ba. Sannan ya zauna ya jawo laftof gabansa.

"Ashe makaranta ka buɗe, Datti. Ba ka gaya mana mu kawo yara ba."

"Ka faɗi abin da za a biya Zulaihat, in biya."

"Kuɗi tsakanina da kai? Haba. Sai a ce ba mu da zumunci." Ya danna hoton ƙwallon. Allo ya yi baƙi, ya buɗe, ihun 'yan kallo ya cika ɗakin. Fili kore shar, 'yan wasa suna gudu sumul, babu ko tangarɗa. Lurwanu ya gyaɗa kai.

"Kai, ka iya sakawa. Taufiq ma bai fi haka ba. Wannan laftof ɗin ta isa biya, ni zan ji da Zulaihat."

Datti ya juya wajen Hajjo ko za ta ce wani abu. Ta ce. Ta sunkuya ta zare cajar daga inbata, ta naɗe ta tsaf, ta miƙa wa Lurwanu.

"Ka riƙa jonawa, batirinta ba ya riƙo." Sannan ta nuna garke da haɓa. "Nawa rabin kuma, Malam, ga tunkiyar da ta rage can. Gobe a kai ta kasuwar Kabo."

Lurwanu ya ɗaure laftof a bayan babur da roba, ya lulluɓe ta da leda saboda yayyafi. Datti yana tsaye a ƙofar gida har ya sha kwana. Ko sau ɗaya bai taɓa ƙwallon da ke cikinta ba.