Tayar Baya ta Hagu

Tun motar ba ta gama shigowa gareji ba warin ya riga ta isowa, warin ƙonannen birki mai tsaya wa mutum a maƙogwaro. Ƙaramar mota ce fara ta wata nas, kuma ba a daɗe da gyara ta a garejin ba. Tsoho yana zaune a kan mushen wata taya yana goge sifana, sai ya hango siririn hayaƙi na tashi daga tayar baya ta hagu. Ya miƙe tsaye, don shi ya canja wa motar takalman birki.

Garejin nasa ne, shi ya kafa shi tun wurin yana juji. Amma mabuɗi yanzu yana aljihun Dogo, babban ɗansa, wanda ya gaji da biyan haƙuri a kan aikin uban. Tun ranar da Tsoho ya manta wani noti bai ɗaure ba, Dogo ya faɗa masa ido cikin ido: duk motar da ta sake dawowa saboda hannunsa, za a kulle akwatin kayan aikinsa, ya koma gida ya rungumi rediyo. Tsoho bai taɓa yafe wannan magana ba, kullum da ita yake kwana.

Nas ta fito ta doka ƙofa. "Gyara kuka yi mini ko mugunta? Mota na tafiya kamar ana janta ta baya, ga wari, mutane na nuna ni a hanya!"

"Yi haƙuri, ranki ya daɗe," in ji Dogo. Ya ɗebo ruwa a tafin hannu ya watsa wa tayar, ta yi cau. Ya juyo wajen uban, ya rage murya. "Baba, ka ji? Na ce ka daina ɗaure takalmi da kunne, ka ƙi. Yau dai magana ta ƙare."

"Kunnen nan shi ya ciyar da kai har ka yi wannan tsawon banza," Tsoho ya ce. "Matsa mini."

Ya jawo jak da kansa, yana nishi, ya ɗaga bayan motar. Tayar dama ya tura ta da yatsa ta yi ta juyawa abinta. Ta hagu kuwa sai da ya sa hannu biyu, ta ɗan motsa ta cije. Ya shiga ƙarƙashi ya sassauta wayar birkin hannu har ta yi lagwai, yana addu'a a ce ita ce ta maƙale. Taya ko gezau.

"Saura takalminka," Dogo ya ce, ya harɗe hannu a ƙirji. "Buɗe kwanon birkin mu gani mana."

"Ka buɗe da hannunka in kana sha'awar gasasshen yatsa."

Suka tsaya jiran ƙarfe ya huce, ba mai kallon wani. Nas tana duba agogo tana tsaki. Don haushi kawai Tsoho ya kai wa tayar ƙafa, sai ga ta ta juya sumul, alhali ba wanda ya taɓa komai. Ya tsaya cak. Takalmin da aka ɗaure fiye da kima ba ya tashi ya saki kansa don ya ga dama. Ya zagaya ya shiga motar, ya taka birki da ƙarfi ya ɗaga ƙafa, ya dawo ya gwada. Ta sake cijewa tamau.

Sai ya ɗauki ƙaramar sifana ya kwanta, ya ɗan murɗa notin nan da ake fitar da iska ta cikinsa. Man birki ya yi tsartuwa har kan rigarsa, nan take taya ta saki. Ke nan mai yana shiga, amma ba ya samun hanyar komawa. Ya bi tiyon robar da ke kawo man da yatsa, a hankali, sai ya ji zane-zane jere a jikinsa, shatin haƙoran filaya.

Farin ciki ya cika shi har kunnuwansa suka yi zafi. Ranar da aka yi aikin, shi takalmi kawai ya canja. Silindar birkin da ke yoyo a wannan tayar Dogo ne ya sauya ta, kuma Dogo ne mai ɗabi'ar matse tiyo da filaya don kada mai ya zube masa, abin da Tsoho ya yi ta hana shi tun yana koyon aiki.

Dogo ya durƙusa ya leƙo, ya ga inda yatsan uban yake. Fuskarsa ta canja.

"Baba," ya ce a hankali, "bar shi haka. In ta tafi sai mu yi magana."

Dokar garejin ke nan, kuma Tsoho ne ya kafa ta: a gaban mai mota ba a cewa wane ne ya yi kuskure, laifi na gareji ne, in mai mota ya tafi a ci mutuncin juna a rufe. Ko ɗazu da Dogo ke gasa masa magana, a ƙasan murya ya yi. Tsoho ya san wannan sarai. Amma ya daɗe bai ji ɗan nan ya roƙe shi komai ba, kuma daɗin abin ya fi ƙarfinsa.

Ya kwance tiyon, ya fito da shi, ya sa wuƙa ya tsaga shi a gaban nas. Cikin robar ya ɓare ya kwanto, ya toshe hanya.

"Duba nan, 'yata. Kin ga haƙoran filaya? Ba aikin tsoho ba ne wannan. Aikin mai gidan ne, ga shi nan tsaye, mai cewa in koma gida na tsufa. Da kin yi tafiya mai nisa, da wuta ya tayar miki."

Nas ta dubi Dogo daga sama har ƙasa. "Au, ashe kai ne? Ga tsawo, ga baki, ga rashin iya aiki." Ta rataya jakarta. "In na taso daga asibiti zan zo in ɗauki motata, in same ta daidai. Daga yau kuma ko iskar taya ba zan ƙara sha a nan ba." Ta fita titi ta tari tasi.

Dogo bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ya tuɓe rigar aiki ya ninke, ya kwashe sifanunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ciro mabuɗi ya ajiye a kan motar.

"Ga garejinka, Baba. Ka ci."

"Dama nawa ne!" Tsoho ya bi bayansa da ihu har bakin ƙofa. "Ka gaida na gaba!"

Ya dawo yana huci, ya sa mabuɗin a aljihu, ya ji nauyinsa ya yi masa daɗi. Ya lalubo sabon tiyo a kan kantar kaya ya ɗaura, ya mayar da wayar birkin hannu yadda take, ya cika tankin man birki, har yana ɗan rera waƙa. Ba abin da ya rage sai fitar da iskar da ta shiga, don in ba a fitar ba birki ba zai kama ba ko kaɗan. Aikin kuwa na mutum biyu ne tun da aka ƙirƙiri mota: ɗaya a kujera yana taka birki, ɗaya a ƙasa yana buɗe noti yana rufewa.

Tsoho ya kwanta a ƙarƙashin motar, ya saita sifana a kan notin.

"Taka!" ya ce.

Shiru. Ya ja tsaki, ya bugi ƙarfen motar da gindin sifana.

"Kai, taka mana, ko ka kurmance ne?"

Sai da ya gama faɗa ya tuna. Ya ci gaba da kwanciya a wurin, hannunsa a kan noti, yana sauraron motocin da ke wucewa a titi.