Ƙaramar Ƙofa a Gidan 'Yan Kwana-kwana

Shekara talatin Malam Ya'u ya yi yana tuƙa motar kashe gobara a Daura. A damunar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a aka gama sabon ofishi, 'yan kwana-kwana suka kwashe mesa da hulunan kwano suka koma can. Shi aka bari gadin tsohon gidan kafin a rushe shi.

Ginin tubali ne mai kaurin bango, rufin azara, da manyan ƙofofi biyu masu baka inda motoci ke shiga. Da rana tsaka sanyi ke ratsa shi kamar cikin randa. Ya'u kan jingina da bango ya lumshe ido, sai ya riƙa jin takun abokan aikinsa da suka rasu, da ƙararrawa can nesa-nesa.

Wata Talata bayan la'asar Haulatu ta zo, mai zanen gine-gine da aka turo ta auna filin. Ta zaga, ta tsaya gaban wata 'yar ƙofa a bangon gabas.

"Baba, wannan fa? Ko jaki ba zai shiga ba."

"Ta mata ce, 'yata," in ji shi. "Akwai tafkin siminti a ƙarƙashinmu. Shekarar fari rijiyoyin unguwa suka ƙafe, shugabanmu ya sa aka huda bangon don mata su shigo da tulu. Ni ke ja musu guga. A nan na fara ganin Maijidda, uwar 'ya'yana, Allah ya ji ƙanta. Tulunta ya cika ya tumbatsa ban sani ba."

"Har yanzu da ruwa?"

Suka kama murfin ƙarfen da ke bakin tafkin tare, da ƙyar suka ɗaga shi. Sanyi ya buso, da ƙanshin ƙasa. Hasken taga ya sauka kan ruwan, ya tashi yana rawa a jikin azara. Sun daɗe tsugune suna kallon ruwan.

Haulatu ta naɗe igiyar awonta, ta rubuta cewa ginin lafiya lau yake. Aka yi ta kai-komo har kaka, sannan aka fasa rushewa, aka ba teloli zauren motocin. Ya'u ya samu abokan hira, har wani Harisu ya ɗinka masa rigar salla.