Lemon da Moeata ta ƙi matsawa

Ƙanena Falaniko ya tafi aikin jirgin ruwa, ya dawo mana tsibirinmu Savai'i da mata 'yar Tahiti, Moeata. Ba ni da abin cewa a kanta sai ɗaya: ba ta iya oka ba.

Mu nan Samoa, in za ka yi oka, ka yanka ɗanyen kifi ka jiƙa shi a ruwan lemon tsami har ya yi fari, ka kwarara madarar kwakwa ta shanye shi, ka ajiye. Wanda ya zo ya ɗiba a kofi. Ita kuwa sai ta wanke kifin a ruwan teku, ta yanka kokwamba da tumatir, ta kankare kwakwa, ta raba lemo biyu, sannan ta zauna ta naɗe hannu. Ba za ta matsa ba sai ta hango Falaniko ya ɓullo ta tsakanin ayaba da ƙugiyoyinsa a kafaɗa.

"Ke 'yar Tahiti, kifin nan naki ko motsi bai daina ba," in ce mata.

"Yaya, naku kuma kun dafa shi da tsami har ya zama soso. A garinmu ba a matsa lemo sai mai ci ya iso."

"To ki ta jira, matar sarki."

Falaniko ya yi ta dariya, yana ci da hannu biyu. Munafuki, a gabana ya ce nawa ya fi, amma kwanonta yake suɗewa.

Ranar da iska ta juya, kwale-kwale huɗu suka fita, uku suka dawo, ban da na Falaniko. Maza suka bi teku suna nema har man injinansu ya ƙare. Ni na yi kukana tun a makon farko, don na san tekun nan, shi ya ci kakanmu.

Moeata ba ta yi kuka ba. Kullum sai ta karɓo kifi, ta yanka, ta kankare kwakwa, ta raba lemo, ta zauna tana kallon ayaba. In rana ta yi sanyi kifin ya fara wari, sai ta kai wa aladu. Aladunmu suka yi ƙiba, ita tana ramewa. Abin ya ƙona mini rai, ya kuma ba ni tausayi.

Fasto ya zo, ya ce a sa ranar addu'a ko da babu gawa. Dangi suka yarda, amma ba a yi sai da bakin Moeata.

"Addu'ar me?" ta ce. "Mutum ya makara ne kawai."

Na yi mata faɗa, na lallashe ta, na sake faɗa. A banza. Muna ji muna gani, ƙanena ya rasa ko da wurin da za a tsaya a ambaci sunansa.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, ina bayan gida ina fere gwaza, sai ga ta da kwano a hannu. Kifin a yanke, kwakwar a tace, lemo a rabe a gefe. Ta tsuguna kusa da ni.

"Yaya."

"Na'am."

"Naku ɗin nan, yaya ake yi? Wanda ba a jiran kowa."

Na ajiye wuƙa. Na so in ce mata ta bari, ta ƙara kwana ɗaya, ni da na fi kowa matsa mata.

Ta ɗauki rabin lemon da kanta. Sai na ɗora hannuna a kan nata muka matsa tare. Muka zauna muna kallon kifin yana yin fari.

"Ki faɗa wa Fasto ya sa ranar," ta ce.