Dokin Ƙofar Hajiya Talatu

Ruwa bai shiga gidan Hajiya Talatu ba bana. Ranar Laraba da la'asar ambaliya ta gangaro daga dutse, ta cika lungunsu a unguwar Tandabawi ta Makka, ta daki ƙofa ta wuce. Buhunan kuka da daddawar da take sayarwa, waɗanda suka jiƙe sharkaf bara, ko ɗigo bai taɓa su ba.

Asalin abin kuskuren ji ne. Ɗanta Fahad, haifaffen Makka, ya ce da Larabci gidan yana buƙatar "sadd", wato madatsar ruwa. Ita kuwa Sada ta ji, maginin nan ɗan Maraɗi. Kafin Fahad ya dawo daga Jidda ta kirawo Sada, ya ɗaga dokin ƙofa har cinya.

Ruwan na wucewa ta rangaɗa guɗa, tana tafi.

"Fahad, ka ga aikin Sadan da ka ce!"

"Wallahi Umma ban ce Sada ba," in ji shi, yana dariya har da hawaye. "To babur ɗina fa?"

Babur ɗin yana tsakar gida tun kafin ginin. Har yau ba a san ta inda zai fita ba.